Kafin Ka Kwashe Iyali Zuwa Katsina: Jagora Ga Mutanen Batsari Da Safana

Duk mutumin Batsari ko Safana da ya ƙudurta komawa birnin Katsina da zama, tambayar da yake fara yi ita ce nawa ake kama ɗaki. Tambaya ce mai kyau, amma ba ita ya kamata ta sha gaba ba. Abin da ke rarake aljihun baƙo a Katsina kuɗin abin hawa ne. Haya sau ɗaya ake biyanta a shekara, mutum ya ji zafinta ya huta. Kuɗin Keke Napep kuwa safe da yamma ne, kai da maiɗakinka da yara, kuma ba ya jiran kaka.

A ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Ruma ko Wagini, Runka ko Zakka, ƙafa ta ishi mutum yawancin hidimarsa. Masallaci yana bakin ƙofa, gona tana bayan gari, gidan surukai ana hango shi, makarantar allo kuma yaro da kansa yake zuwa. Tsohon birnin Katsina na cikin ganuwa shi ma haka aka gina shi, ana iya ratsa shi da ƙafa daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Marusa. Amma tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1987, ya tsallake ganuwa ya bi manyan tituna yana miƙewa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya duk suna kan hanyar Dutsin-Ma. Asibitin Koyarwa na Tarayya yana ta hanyar Jibiya. Filin jirgi yana ta hanyar Daura, sakatariya tana ta hanyar Kano. Motocin KTSTA, hukumar sufuri ta jiha, sun fi ƙarfi a jigila tsakanin garuruwa, cikin gari kuwa Keke Napep da babur ne ke ɗauke da jama'a. Wanda bai da abin hawa nasa, kowace fita sai ya taɓa aljihu.

Ba sai na tsaya dogon bayani kan matsalar tsaron da ke tayar da mutane ba. Wanda ya kwana a gefen Dajin Rugu ya fi ni sani. Mutanen Batsari ba su manta da harin da aka kai Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020 ba, ba su kuma manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana, aka hana sayar da mai a jarka, aka dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni. Daga baya gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wasu yankuna, wasu mutane suka koma gonakinsu, wasu suka ce sai sun ƙara gani. Wanda aka kora cikin dare ba shi da lokacin lissafi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Wannan bayani na wanda ke da 'yan makonni ne a hannu, da kuma wanda ya riga ya shigo gari yana so ya gyara zamansa.

Lissafin da za ka yi kafin ka ga dillali

Ka fara zuwa kai kaɗai. Ka sauka wurin ɗan'uwa ko aboki, ka yi mako ɗaya ko biyu, iyali suna gida ko wurin dangi. A cikin kwanakin nan ka rubuta wuraren da gidanka zai riƙa zuwa a kai a kai: inda za ka nemi abinci, makarantar yara ta boko da Islamiyya, asibiti mafi kusa, kasuwar cefane, da tashar da ake shiga motar garinku. Sannan duk unguwar da aka nuna maka, ka hau Keke Napep daga can zuwa waɗannan wurare da kuɗinka, da safe lokacin da kowa ke sauri, ka kuma sake gwadawa bayan isha'i. Kada ka dogara da abin da dillali ya faɗa, don a bakinsa kowane gida kusa da titi yake. Ka lura ko hawa ɗaya ne ko sai an sauka an sake shiga wani, domin kowace sauka sabon kuɗi ne. Ka lura kuma ko direba zai yarda ya shiga lungun da kuɗin kujera, ko sai ka ɗauki shata.

Ga misali, don a ga yadda lissafin yake, ba don farashin yau ke nan ba. A ce an nuna maka gida biyu. Na farko yana can bakin gari, naira 120,000 a shekara. Na biyu yana kusa da wurin sana'arka da makarantar yara, naira 200,000. Ido zai tafi kan na farko, don ka ga rarar 80,000. To, a ce zama a na farkon zai sa gidanka ya riƙa kashe ƙarin naira 600 kullum a kan abin hawa. A kwana 26 na aiki, 15,600 ke nan a wata, a shekara 187,200. Gidan da ka ɗauka mai araha ya tashi a 307,200, ya fi mai tsadar da sama da dubu 100, ban da lokacin da ka ɓata a bakin titi da ranakun da yara suka fasa makaranta don babu na mota. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, sai ka auna abin da 15,600 ke ci a ciki, ballantana ga wanda ba shi da albashin.

Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000 a wurare da yawa. Duk wanda ya ba ka labarin sauƙin zaman Katsina, ka tambaye shi ko labarin kafin wannan rana ne ko bayanta. Kuma idan ka gama lissafinka, ka ƙara wani abu a kai, don kuɗin mota yana saurin hawa idan mai ya tashi, amma ba ya saurin sauka.

Ga mutumin Batsari, ɓangaren Ƙofar 'Yandaka da unguwannin da ke bin hanyar Batsari har zuwa wajen Babbar Ruga sun fi dacewa, muddin wurin sana'arsa bai yi nisa da nan ba. Ta nan hanyar gida ta fita, ta nan saƙo ke zuwa, nan kuma zai fi samun mutanen da suka san mahaifinsa. Mutumin Safana kuwa, ina ganin ya fara duba Dutsin-Ma kafin ya yi tunanin Katsina. Garin yana da Jami'ar Tarayya tun 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da babban asibiti, da kasuwa mai ci, ga madatsar ruwa ta Zobe ga mai sha'awar noman rani. Yawancin hidima ana iya yinta da ƙafa ko da hawa ɗaya, gona kuma ba ta kuɓuce maka ba. Sai dai ɗalibai sun sa haya ta yi tsada a wasu unguwanni, kuma matsalar tsaro ta sha taɓa gefen garin, don haka a zaɓi tsakiya ba baki ba. Manomi tsantsa daga Safana, a ganina, Dutsin-Ma ta fi masa. Mai sana'ar hannu, ko mai jinyar da ke buƙatar babban likita, shi ne Katsina za ta fi yi wa amfani.

Idan unguwa ta yi maka, sai duba gidan kansa. Tambayar farko ruwa. Ruwan famfon Katsina daga madatsar Ajiwa aka daɗe ana kawo shi, kuma sababbin unguwanni da yawa bututu bai kai su ba, ko ya kai amma ba kullum yake kawowa ba. Ka tsaya a bakin layin da hantsi. Idan ka ga 'yan ga-ruwa suna turo kura cike da jarkoki, suna haki a cikin rairayi, wata kura na bin wata, ka san ruwan sayarwa za ka sha, sai ka tambayi kuɗin jarka ka lissafa da yawan mutanen gidanka, ka tuna kuma farashin bazara ba na damina ba ne. Bayan ruwa sai wuta: akwai mita ko takardar kuɗin wuta ta KEDCO ake rabawa tsakanin 'yan haya, kuma akwai tsohon bashi a kan gidan? Ka duba bangon waje daga ƙasa, idan akwai layin danshi da ya kai gwiwa, ruwa yana kwanciya a wurin a watan Agusta, kuma ranar da ya kwanta babu Keken da zai shigo. Ka leƙa bayan gida ka ƙirga mutanen da ke amfani da shi.

Akwai tambaya ɗaya da mutane ke jin nauyin yi, ni kuwa ina ganin ta fi sauran. Idan naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, ko yaro ya fara jijjiga, wa ke da mota ko Keke a wannan layin, kuma zai tashi? A ƙauye ba a rasa wanda zai tayar da babur don yana jin kunyar mahaifinka. A birni sai ka gina wannan da kanka. Ka nemi lambar wayar mai Keke ɗaya ko biyu da ke kwana a unguwar, ka riƙa hawa nasu da rana, kada ranar da ka fara kiransu ta zama ranar tashin hankali. An taɓa taƙaita zirga-zirgar babura da Keke da daddare a jihar saboda tsaro, don haka ka tambayi dokar da ke aiki a lokacin da ka zo.

Kafin ka biya ko sisi, ka ga mai gidan ido da ido, ba dillali kaɗai ba. A rubuta yarjejeniya: nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, gyaran rufi da yashe masai a wuyan wa suke, wata nawa za a ba ka idan ana son ka tashi. A yi a gaban shaidu biyu, a ba ka rasit. La'adar dillali a tsayar da ita tun farko. Daga nan ka je ka gaida mai unguwa da limamin masallacin layin, ka faɗi sunanka da garinku da sana'arka. Mutanen birni suna ɗari-ɗari da baƙon da ya fito daga yankin da ake fama, wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma abin da ke kashe zargi shi ne ka gabatar da kanka tun ba a tambaye ka ba. Takardar shaida daga mai unguwarku ko dagacinku na gida tana taimakawa ƙwarai. Wanda ya samu ta fito daga ofishin hakimi, Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana, ya fi.

Babur, Keke ko mota

Ga mai ƙaramin ƙarfi, babur shi ne abin da ya fi biyan kuɗinsa a Katsina. Yana kai ka aiki, ya kai yara makaranta, ya ɗauko buhu daga tasha. Idan kana da shi a gida, ka zo da shi tare da rasit ɗin saye da takardunsa, ka yi masa lamba, domin jami'an hanya irin su KASSAROTA da 'yan sanda suna tambaya, kuma babur marar lamba a hannun baƙo daga yammacin jihar yana jawo tambayoyin da ba ka buƙata. Ka ware kuɗin baƙin mai da faci da sarƙa kowane wata, ka sayi kwaɗo mai ƙarfi, kuma kada ka kama gidan da babu inda za ka shigar da shi da dare. Tukin birni ma daban ne. Shataletale da gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya suna da ƙa'idarsu, ka bi bayan wanda ya saba kafin ka ɗauki yara.

Mota kuwa iyali ce ta biyu, tana ci tana sha tana rashin lafiya. Wanda ba shi da abin shiga tsayayye kowane wata, kada ya saye ta don a ce ya zama ɗan birni.

Inda na fi jin tsoro shi ne Keke Napep na haya. Mutane da yawa suna shigowa da tunanin su sayar da gona ko shanu su sayi Keke, ko su karɓa a hannun wani suna biya mako-mako. Sana'a ce ta halal kuma tana riƙe gidaje masu yawa. Amma kafin ka shiga, ka zauna da direba uku ko huɗu a inda suke hutawa da azahar, ka tambaye su abin da ke saura bayan an cire mai da balas ɗin mai Keke da kuɗin ƙungiya da na makanike. Ka tambayi abin da ke faruwa idan ka yi jinyar mako biyu ba ka kawo balas ba. Ka fara da tuƙa na wani na 'yan watanni, ka san gari, ka san inda fasinja yake da lokacin da yake fitowa. Idan ta karɓe ka, sai ka yi maganar saye. Keke yana tsufa cikin 'yan shekaru, gona ba ta tsufa, kuma wanda ya sayar da ita a lokacin tsoro da araha yake sayarwa.

Gonar ma ita ce za ta riƙe ka a birni. Gidan da ke da gero da dawa da wake daga gida, cefane kawai yake nema, ya kuwa rage rabin wahala. Idan wurin yana shiguwa, ka ba ɗan'uwa amintacce ya noma a kan kashe-mu-raba, ko ka bayar da haya ta shekara ɗaya ɗaya, a gaban dagaci, kada a wayi gari aro ya rikiɗe ya zama gado. Ƙasar Batsari an san ta da rogo da dankali, rogo kuma ba ya neman a tsaya a kansa kullum kamar gero, ya dace da wanda ke zuwa jefi-jefi. Wasu ma da wannan suka samu sana'a: su sari kaya a kasuwar Batsari ranar Alhamis, su kawo Katsina su sayar. Kafin kowace tafiya dai a kira gida a ji lafiyar hanya, a tafi da rana a dawo da rana.

Nisan birni mata da tsofaffi ya fi dannewa, kuma maza ba su cika sa wannan a lissafi ba. Matar da ta saba leƙa gidan yayarta ta katanga, ta yi ƙuli-ƙuli ko fura a aiko a saya, ta ɗaure awakinta a tsakar gida, yanzu tana ɗaki ɗaya a gidan haya, ba ta san kowa ba, kowace unguwa sai an ba ta kuɗin Keke. Suna da biki da gaisuwar rasuwa duk sun koma abin da ake auna wa kuɗi. Maigida, ka zauna da ita kafin a zaɓi unguwa. Ka tambayi mai gidan haya ko ya yarda da kiwo da hura itace, don wasu ba sa yarda, kuma gawayi da gas kuɗi ne da ba ku saba kashewa ba. Idan akwai 'yan garinku a wata unguwa, kusantarsu ta cancanci ƙarin kuɗin haya, domin nan za ta samu adashi da masu sayen abin da take yi da wadda za ta bar wa yara. Baba ko Inna da suka tsufa kuwa, kada a ajiye su inda masallaci ya fi ƙarfin ƙafarsu. Dattijon da aka raba da majalisarsa, aka kuma raba shi da jam'i, yana saurin karyewa.

Ba ina faɗin wannan duka don in hana kowa tashi ba. Abin da birni ke bayarwa babba ne. Mutum ya kwanta ya yi barci ba tare da ya kasa kunne ga ƙarar babura ba. Yara su yi zango uku cur a makaranta, 'ya mace ta gama sakandare har ta wuce gaba tana kwana a gidan ubanta. Mai ciki tana da Asibitin Turai 'Yar'adua na mata da yara, ga Babban Asibitin Katsina, ga na koyarwa. Da rani akwai aikin gini da dako da gadi da ƙananan saye da sayarwa, abin da ƙauye ba ya samarwa. Amma a sa ido kan samari. Yaron da ya saba wuni a gona, idan ya zo birni ba makaranta ba sana'a, titi ne zai ɗauke shi, kuma Katsina ta daɗe tana fama da ƙauraye da shaye-shaye da ƙwacen waya. Tun makon farko a kai shi wurin tela ko kafinta ko mai walda ko mai gyaran waya, wanda ke kusa da gida yadda zai je da ƙafa.

Lokacin tashi, idan hali ya bari, shi ne bayan an gama girbi an ɗaure hatsi, kuma a daidaita da hutun makaranta. Ka karɓi takardar canjin makaranta ta kowane yaro daga shugaban makarantarsu, da katin rigakafin ƙanana, da katin awon ciki idan akwai mai juna biyu, da takardun NIN na kowa. Takardun gona da na gida a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye na asali a wuri ɗaya cikin leda. Katin zaɓe ana iya mayar da shi sabuwar mazaɓa a ofishin INEC idan an buɗe rajista. In kun natsu, ka je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ka tambayi tsarin da ya dace da wanda ba ma'aikacin gwamnati ba.

Kada a kwashe komai a tafiya ɗaya. Hatsi ya riga ku zuwa, buhu biyu ko uku a lokaci guda, a ajiye wurin wanda ka sauka. Dabbobin da ba za a iya riƙewa a birni ba a rage su a hankali a kasuwa, ko a ba dangi kiwo, kada a fitar da su rana ɗaya a karya musu farashi. Ranar tashin kuma kada a yi ta shela, daga kai sai mutanen gidanka da direban da ka sani, don motar da aka san tana ɗauke da kayan gida da kuɗin dabbobi abin hari ce. A yi lodi da sassafe, a kama hanya bayan rana ta fito motoci sun fara wucewa, a shiga Katsina kafin azahar yadda za a samu ruwa, a share ɗaki, a kuma gaida maƙwabta kafin magariba. Kuɗin abin hawa na wata biyu ka ware shi daban tun daga gida, kada ya shiga cikin na haya ko na cefane, domin sana'a ba ta cika kankama a watan farko ba.